Mai Gyaran Janareta

Shekara talatin da ɗaya da duhu nake cin tuwo.
Ba na ɓoyewa:
in an ɗauke wuta, ni tawa aka kawo.
Daga Dakata har bakin Bompai
ba injin da bai san tafin hannuna ba.
Tarinsa kawai zan ji daga ƙofa
in ce zobe ne, ko fulogi ya ƙone.

Ubana a masaƙa ya tsufa.
Yakan ce a zamaninsu jiniya ke raba dare da safiya,
kekuna su cika titin Haɗeja kamar fara.
Ranar da aka ɗana kwaɗo a ƙofar
ya dawo da almakashinsa a aljihu,
ya ci abinci, bai ce uffan ba.
Yau tunfafiya ke gadi a wurin,
jemagu ke shiga aikin dare.

Ni hayaƙin na gada.
Baƙin mai a farcena, sabulu ya gaji ya ƙyale.
Kunnena na hagu a gidan man Alhaji Ɗangoggo ya mutu,
mai matsar gyaɗa,
wanda dizal ke ci masa riba
kamar gara a azara:
waje lafiya lau, ciki gari.

Bara Huzaifa ya tsuguna gabana,
yaron da na koya wa riƙon sifana
tun bai iya fyace majina ba.
Ya ce, Oga, a yafe ni, zan koma hawa rufi.
Na ce, rufi? Ƙadangare ka zama?
Wata uku ina amsa gaisuwarsa da ka.

Ran Talata na gan shi a saman kwanon Alhaji
shi da wata Rumasa'u, wai injiniya ce,
ta ɗaure mayafi tamau, fensir a bayan kunne.
Suna jera alluna shuɗi-baƙi,
sai ka ce turkuɗin Ƙofar Mata aka baza a shanya.
Na tsaya ƙasa ina jiran abin dariya.

Ƙarfe goma inji ya tashi.
Ba tari. Ba hayaƙi.
Mai na zuba, tunkuza na faɗowa,
can ciki na jiyo matan sheƙa suna hirar kuɗin adashi.
Ashe duk shekarun nan suna da murya.

Rana dai!
Wadda muke tsine wa a bazara,
mai narka kwalta a Kwanar Jaba,
ashe neman aiki take yi.
Kullum ita ke riga kowa zuwa bakin ƙofa,
mu kuwa mu kore ta da laima.

Kada in cika ta da yawa.
Kuɗin batir sai ka dafe bango kafin ka ji.
In hadari ya haɗo daga gabas
inji yakan ja ƙafa kafin la'asar.
Manyan dodannin Sharaɗa da Challawa
ba za su ƙoshi da wannan ɗan ludayi ba,
sai an shanya musu gonaki, an ja musu waya mai kauri,
kuma mai sa hannu ya sa hannu.
Shi ma Alhaji bai sayar da janaretansa ba,
tamfol ya rufa masa, kamar tsohon sa a garke.

Amma ya ƙara ma'aikata shida.
Ɗaya ɗan ƙanwata ne, da digirinsa a ƙarƙashin katifa.

Na kwana ina juyi.
Gwiwata ba ta hawa tsani,
sai dai akwatin nan da ke gunaguni a ƙasa
shi ma ai watarana zai yi ciwo,
kuma kunnena ɗaya yana nan.

Da safe na koma.
Na ce, Huzaifa, wannan ja ina za ta, baƙar ina?
Ya sunkuyar da kai yana danne dariya,
ya laluba jaka, ya miƙo mini sifana.
Tawa ce ma,
mai lamba goma sha uku,
wadda nake ta zargin almajiran maƙwabcina tun bara.